Kenny Miller da Rigunansa Goma Sha Biyu

Kenny Miller ya fara buga wa babbar ƙungiyar Hibernian ta birnin Edinburgh wasa a kakar 1997/98 yana matashin da bai kai shekara ashirin ba, bai kuma daina taka leda ba sai a farkon 2020, bayan ya cika arba'in. A tsakanin nan ya sa rigar kulob goma sha biyu: Hibernian, Stenhousemuir, Rangers, Wolverhampton Wanderers, Celtic, Derby County, Bursaspor, Cardiff City, Vancouver Whitecaps, Livingston, Dundee da Partick Thistle. Rangers kuwa sau uku yana zuwa yana tafiya. Mai kallon ƙwallo, ko a Glasgow yake ko a gidan kallo a Kano, da ya ga jeri irin wannan ba ya ɓata lokaci wajen yanke hukunci. Ko dai ya ce mutumin nan ba shi da amana, inda kuɗi suka yi kira nan yake nufa, ko kuwa ya ce bai iya ba ne, shi ya sa duk wanda ya ɗauke shi yake gajiya ya sallame shi. A ganina hukuncin nan bai dace da Miller ba. In aka bi tafiye-tafiyen nasa ɗaya bayan ɗaya, za a tarar mafi yawansu aljihun kulob da canjin koci ne suka haddasa su, kuma waɗanda suka fi kowa sanin aikinsa su ne suka yi ta komawa suna nemansa.

Sai an san kasuwar da ya taso a cikinta kafin a gane wannan. Sikotland ƙasa ce mai mutane kusan miliyan biyar da rabi, maƙwabciyarta kuma Ingila, mai gasar da ta fi kowace kuɗi a duniya. A cikin gida ƙungiyoyi biyu na birnin Glasgow, Celtic da Rangers, sun mamaye komai: tun da Aberdeen ta Alex Ferguson ta ci gasar ƙasar a 1985, babu wata ƙungiya ta uku da ta sake ɗaukar kofin. Saboda haka yaron da ya nuna hazaƙa a Hibernian ko Motherwell ko Dundee United, hanya biyu ce a gabansa, ko Glasgow ko kudu zuwa Ingila, kuma kulob ɗin da ya raine shi da kuɗin sayar da shi yake biyan albashin sauran. Ga kuma hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a Disambar 1995 a ƙarar ɗan wasan Beljiyam Jean-Marc Bosman, wanda ya buɗe wa 'yan wasa hanyar tafiya kyauta in kwantiraginsu ya ƙare. Tun daga nan, kulob ɗin da ya ga saura wata shida ko shekara kwantiragin ɗan wasansa ya ƙare, gara ya sayar da shi ko a nawa ne da ya tashi a tutar babu. Miller yana cikin rukunin farko da suka yi dukkan rayuwarsu ta ƙwallo a ƙarƙashin wannan tsari, kuma kusan babu wata tafiyarsa da ba a ganin tsarin a cikinta.

An haife shi a Edinburgh ranar 23 ga Disambar 1979. Lokacin da Hibernian ta faɗo daga babbar gasa a 1998, sai aka ba da shi aro ga Stenhousemuir, ƙaramar ƙungiya a rukuni na huɗu wadda yawancin 'yan wasanta suna da wata sana'ar da suke ci da ita, ƙwallo kuma ƙari ce. Can ya fara zura ƙwallaye a raga a kai a kai. Da ya dawo, Alex McLeish ya ba shi wuri, ya zama wanda ya fi ci wa ƙungiyar ƙwallo a kakar 1999/2000, 'yan wasan ƙasar kuma suka zaɓe shi gwarzon matasa na shekarar. Ba a jima ba Rangers ta ajiye fam miliyan 2, Hibernian ta karɓa. A wancan lokacin Rangers tana hannun attajiri David Murray, kocinta kuma ɗan Holan Dick Advocaat, ana kashe kuɗi kamar ba gobe. A Nuwambar 2000 Miller ya ci ƙwallo biyar shi kaɗai a wasan da suka lallasa St Mirren da ci 7 da 1, 'yan kwanaki bayan haka ya ci Monaco a gasar Zakarun Turai. A cikin wannan watan dai, kafin ma a gama yabonsa, kulob ɗin ya sayo Tore André Flo daga Chelsea a kan fam miliyan 12, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasa a Sikotland ba. Wanda aka sayo miliyan 12 ba ya zaman benci saboda yaron miliyan 2, ko da yaron ya ci biyar a wasa ɗaya. Miller ne ya koma benci. A Satumbar 2001 aka tura shi aro Wolverhampton, ya karye a ƙashin kafaɗa ba da daɗewa ba, amma duk da haka a Disamba Wolves ta saye shi a kan fam miliyan 3. Rangers ta ci ribar miliyan ɗaya a kan ɗan wasan da ba ta ba shi damar kirki ba. Wannan ita ce tafiyarsa ta farko daga Glasgow, kuma ban ga inda rashin amanarsa ya shigo a ciki ba.

A Wolves ya yi kusan shekara biyar, zaman da masu kiransa marar zama suke tsallakewa. Ƙungiya ce mai tsohon suna wadda rabonta da babbar gasar Ingila tun 1984. A kakar 2002/03, ƙarƙashin Dave Jones, ya ci fiye da ƙwallo 20, kuma a wasan ƙarshe na neman gurbin Firimiya da aka yi a Cardiff cikin Mayun 2003, shi ya ci ta uku kafin a tafi hutun rabin lokaci, bayan Mark Kennedy da Nathan Blake, aka doke Sheffield United 3 da nema. Firimiya ba ta yi wa Wolves daɗi ba, kaka ɗaya ta yi ta koma inda ta fito. Sai dai a cikin Janairun 2004 Manchester United ta je filin Molineux a matsayin mai riƙe da kofi, Wolves kuwa tana can ƙasan teburi. Rio Ferdinand ya ji rauni aka sako Wes Brown, santsi ya kwashe Brown, Miller ya wuce da ƙwallo ya zura wa Tim Howard, aka tashi 1 da nema. Kwana huɗu bayan haka ya farke wa Wolves ƙwallo a hannun Liverpool ana dab da tashi. Bayan faɗuwar ƙungiyar ya ƙara kaka biyu a rukuni na biyu har kwantiraginsa ya ƙare.

Nan ne aka zo ga abin da masu sukarsa suka fi riƙewa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. A Janairun 2006 ya sa hannu cewa da rani zai koma Celtic. Wannan babu wanda ya sayar da shi, shi ya zaɓa da kansa, yana kuma sane da abin da zaɓin yake nufi. Hamayyar Celtic da Rangers ta wuce ƙwallo. Wani malamin cocin Katolika da ake kira Brother Walfrid ne ya kafa Celtic a 1887 don tara abin ciyar da talakawa 'yan asalin Ailan da suka yi hijira zuwa gabashin Glasgow, Rangers kuwa, wadda ta girme ta da shekara goma sha biyar, ta zama ƙungiyar Furotesta masu goyon bayan sarautar Birtaniya, ta kuma shafe shekaru masu yawa tana ƙin ɗaukar Katolika. Da Graeme Souness ya karya wannan al'ada a 1989 ya ɗauko Mo Johnston, tsohon ɗan wasan Celtic, wasu magoya bayan Rangers har ƙone kayan kulob ɗin suka yi. Bayan yaƙin duniya na biyu, waɗanda suka buga wa manyan ƙungiyoyin biyu wasa kafin Miller ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, sanannun cikinsu Alfie Conn da Johnston. To ga Miller ya tsallaka, kuma ƙwallonsa ta farko a rigar Celtic, bayan makonni yana nema bai samu ba, a ragar Rangers ta faɗa, a Satumbar 2006, ya kuma yi murnarta ba tare da jin kunyar kowa ba. Magoyin bayan Rangers da ya ce wannan ta yi masa ciwo bai yi ƙarya ba.

Amma a duba abin daga inda Miller yake tsaye. Yana da shekara 26, yana rukuni na biyu a Ingila, kwantiragi ya zo ƙarshe. Kulob ɗin da ake cewa ya ci amanarsa shi ne ya ajiye shi a benci ya kuma sayar da shi da riba shekara huɗu da suka wuce. Ga Gordon Strachan yana miƙo masa ƙungiyar da ke kan hanyar lashe gasar ƙasarsa, wadda za ta shiga gasar Zakarun Turai. Wace amana ce ta rage a wuyansa? Amanar da magoya baya suke nufi gado ce, daga uba da kaka take zuwa, ana haihuwar mutum a cikinta, kuma abu ne mai kyau. Ɗan wasa kuwa ɗan ci-rani ne: shekarun ƙarfinsa ƙalilan ne, rauni ɗaya na iya yanke su, in damina ta wuce bai tara komai ba babu mai tara masa. A ɗora masa nauyin da ba a ɗora wa kulob ɗin da ke saye da sayar da shi, wannan rashin adalci ne. Ita Celtic ɗin ma ai ta nuna haka. Ya ci mata bugun fenaritin da aka doke Copenhagen da shi, ya ci biyu a wasan da aka casa Benfica 3 da nema, ƙwallayen da suka taimaka ta tsallake rukuni a karon farko a gasar Zakarun Turai, har sai da Kaká na AC Milan ya fitar da ita a ƙarin lokaci a Milan. Ya ɗauki kofin gasar ƙasa da Kofin Sikotland. Amma a gasar cikin gida ƙwallo huɗu kacal ya ci a wannan kakar, Celtic ta kawo Scott McDonald daga Motherwell, sannan a ranar da za a rufe kasuwa a Agustan 2007 ta sayar da shi ga Derby County a kan fiye da fam miliyan 2. Ta same shi kyauta, ta yi amfani da shi shekara ɗaya, ta mai da shi kuɗi. Ban taɓa jin wanda ya kira wannan cin amana ba. Hikimar kasuwanci ake ce masa.

Derby kuwa masifa ya je ya taras. Ƙungiyar ta hau Firimiya ba ta shirya ba, ta gama kakar 2007/08 da maki 11, wasa ɗaya tak ta ci cikin 38. Wannan ɗayan kuma na ranar da Miller ya fara buga mata ne, a Satumbar 2007, inda ya ɗirka wa Newcastle ƙwallo daga nesa aka tashi 1 da nema. Billy Davies da ya kawo shi bai kai Disamba ba aka rabu da shi, Paul Jewell ya gaje shi, abin bai canja ba.

Hujja ta biyu da ake kawowa ita ce ta ƙwallaye. A ce ɗan wasan gaba ya ci huɗu a kaka guda a Celtic, a gasar da ƙungiyarsa ta fi kowa ƙarfi, ai wannan ya isa shaida cewa bai kai ba. Amsar wannan tana hannun Walter Smith. Smith ya riƙe tawagar Sikotland daga ƙarshen 2004 zuwa farkon 2007, ya kuma san ba shi da 'yan wasan da za su riƙe ƙwallo a gaban Italiya ko Faransa. Dabararsa ita ce a cika tsakiya da baya, a bar mutum ɗaya a gaba ya yi ta gudu minti casa'in, ya hana masu tsaron bayan abokan hamayya sakat, ya bi ƙwallon da kowa ya fid da rai da ita, ya riƙe ta har 'yan'uwansa su huta su hauro. Miller ne wannan mutumin, shi ya ci Italiya da ka a filin Hampden a Satumbar 2005 aka tashi kunnen doki. Aiki ne da ba ya bayyana a jerin masu cin ƙwallo, amma koci yana ganinsa daga bakin fili. Da Smith ya koma Rangers, sai a Yunin 2008 ya biya Derby fam miliyan 2 ya dawo da shi, alhali magoya baya sun yi ta rera waƙoƙin ƙin amincewa tun ana raɗe-raɗin cinikin. Koci mai shekaru da gogewar Smith ba zai sayi rigima da magoya bayansa a kan ɗan wasan da bai iya ba. A ƙarshen Agustan wannan shekarar aka je filin Celtic, Rangers ta ci 4 da 2, biyu daga ciki na Miller ne. Masu ihun ƙin sa suka yi tsit.

A Rangers ta wannan zamanin akwai Kris Boyd, wanda a ƙarshen 2009 ya zarce Henrik Larsson, tsohon ɗan wasan gaban Celtic, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin SPL, babbar gasar Sikotland ta lokacin. Boyd mutum ne na cikin da'ira, gudu ba nasa ba ne, kuma sau da yawa in babban wasa ya zo, na Turai ko na Celtic, Smith kan ajiye shi ya sa Miller. In an sa su tare kuwa, Miller ne ke jan masu tsaron baya gefe don Boyd ya sami fili. Wasan ƙarshe na kofin League a Maris ɗin 2010 ya nuna irin abin da Smith ya saya. Ana karawa da St Mirren a Hampden, alƙalin wasa ya kori Kevin Thomson, sannan ya kori Danny Wilson, Rangers ta koma mutum tara a kan goma sha ɗaya, babu ci. Saura 'yan mintuna a tashi, David Weir, kyaftin ɗin da ya doshi shekara arba'in, ya fito da ƙwallo daga baya ya tura wa Steven Naismith a dama. Miller, wanda ya kwashe rabin lokacin yana gudu shi kaɗai a tsakanin masu tsaron baya, ya sake tsinkawa da gudu tun daga tsakiyar fili, Naismith ya ɗago ta, ya sa mata kai ta kwanta a kusurwar raga. Da wannan aka ɗauki kofi. Sannan da Boyd ya tafi Middlesbrough a ranin 2010, nauyin cin ƙwallo ya dawo kan Miller, sai ga shi kafin ƙarshen Janairun 2011 ya ci 21 a gasar ƙasa. Bai ƙarasa kakar a Sikotland ba, amma har aka rufe ta babu wanda ya kamo shi. Ke nan ƙarancin ƙwallayensa a wasu wuraren ya fi alaƙa da aikin da aka ba shi fiye da ƙafarsa. Ba ina cewa shi Larsson ba ne. Yakan ɓarar da ƙwallon da yaro zai ci, kuma yakan yi watanni raga ta ƙi shi. Amma ɗan wasan da ya buga wa ƙasarsa wasa 69 ya ci 18, ciki har da Jamus da Italiya da Ingila a Wembley, ba za a ce bai iya ba.

Me ya sa to kulob ɗin da ke tseren lashe gasa zai saki wanda ya fi kowa ci masa ƙwallo a tsakiyar kaka? Nan ne hujjata ta fi ƙarfi. Kashe-kashen kuɗin zamanin Advocaat da abin da ya biyo baya sun bar Rangers da bashi, bankin Lloyds ya sa ido a kan kowane kwabo, har Smith ya fito fili a 2009 ya ce banki ne ke tafiyar da kulob ɗin. A wannan shekarar kuma kamfanin talabijin na Setanta, mai nuna gasar, ya durƙushe, kuɗin da ƙungiyoyi ke samu ya ragu. Kwantiragin Miller zai ƙare a ranin 2011, yana da shekara 31, tayin da aka yi masa na sabuntawa bai gamsar da shi ba, kulob ɗin kuma ba zai iya ƙarawa ba. Lissafin Bosman ya sake dawowa: ko a karɓi ɗan abin da ya samu yanzu, ko a rasa duka nan da wata biyar. McLeish, tsohon kocinsa na Hibernian, ya neme shi a Birmingham City, bai yiwu ba. Aka sayar da shi ga Bursaspor, zakarun Turkiyya na 2010, a kan fam 400,000, wato kashi ɗaya cikin talatin na abin da kulob ɗin ya biya a kan Flo shekara goma kafin nan. A Mayun 2011 Murray ya sayar da Rangers ɗin kanta ga Craig Whyte a kan fam ɗaya. A Fabrairun 2012 ta shiga hannun masu kula da kamfanonin da suka karye, kafin ƙarshen wannan shekarar kuma an rushe tsohon kamfanin, ƙungiyar ta sake farawa daga rukuni na huɗu, inda Miller ya yi zaman aronsa na ƙuruciya.

Shekaru ukun da suka biyo bayan sayar da shi ga Bursaspor su ne suka fi kama da yawon da ake zarginsa da shi, kuma a nan zan yarda cewa zaɓinsa ne ya yi aiki. Bursa ba ta karɓe shi ba, ko shi bai karɓe ta ba, wata shida ya yi ya nemi dawowa Birtaniya. Malky Mackay ya ɗauke shi a Cardiff, ya ci wa ƙungiyar ƙwallon nasara a gidan West Ham a wasan farko na kaka, sannan a wasan ƙarshe na kofin League da Liverpool a Wembley, a Fabrairun 2012, ya ɗaga wata ƙwallo sama da raga ana dab da tashi, a bugun fenariti kuma tasa ta daki turke. Da rani ya wuce Vancouver a Kanada, inda ɗan ƙasarsu Martin Rennie yake koci, a matsayin ɗaya daga cikin 'yan wasan da dokar gasar MLS ta yarda a biya su sama da ƙa'idar albashi. Kuɗi ne ya kai shi, babu musu. Mutumin da ya haura talatin da biyu yana sane da cewa babban albashi na ƙarshe ke nan.

Sai dai mai bin kuɗi kawai da ba zai yi abin da ya yi a 2014 ba. Ya rabu da Vancouver ya koma Rangers a karo na uku, yana da shekara 34, ƙarƙashin Ally McCoist, wanda ya san shi tun yana mataimakin Smith a tawagar ƙasa da kuma Rangers. Ƙungiyar tana rukuni na biyu, shugabanninta suna rigima, babu gasar Turai. Kakar farko Hearts ta yi musu fintinkau, Motherwell kuma ta doke su a wasan neman gurbi. Ya tsaya. A kaka ta biyu, ƙarƙashin Mark Warburton, suka lashe rukunin suka koma babbar gasa, kuma a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Sikotland a Afrilun 2016 shi ya fara cin Celtic, yana da shekara 36, aka tashi 2 da 2, Rangers ta yi nasara a bugun fenariti. A wasan ƙarshe ya sake ci da ka, wannan karon a ragar Hibernian da ta raine shi, amma Hibernian ta ci 3 da 2 ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1902. Shekara huɗu ya yi a wannan zama na uku, in aka haɗa duka ukun ya ci wa Rangers sama da ƙwallo 100.

Akwai zargi na uku, shi ne ya fi wuyar kaucewa: rabuwarsa da wurare da dama ba ta yi daɗi ba, kuma in mutum ya yawaita rabuwar baram-baram dole a duba halinsa. A 2017 kocin Rangers Pedro Caixinha ya kore shi daga cikin manya ya tura shi atisaye da yara. A Afrilun 2018, bayan Celtic ta yi wa Rangers 4 da nema a wasan kusa da na ƙarshe, aka yi cacar baki a ɗakin sauya kaya da koci Graeme Murty, kulob ɗin ya dakatar da Miller da kyaftin Lee Wallace, bai sake sa rigar Rangers ba. A Yuni ya zama koci kuma ɗan wasa a Livingston, bayan mako bakwai aka rabu, domin shugabanni sun nemi ya ajiye wasa ya tsaya a kan koyarwa shi kuma ya ƙi. Babu shakka mutum ne mai taurin kai wanda ba ya haɗiye magana. Amma a bi su ɗaya-ɗaya. Caixinha ba a jima ba aka sallame shi, wasan farko bayan tafiyarsa aka dawo da Miller ya ci Hearts biyu. Murty bai ƙarasa kakar ba shi ma. Miller da Wallace sun ɗaukaka ƙara gaban kwamitin hukumar gasar, a Satumbar 2018 aka ba su gaskiya. Maganar Livingston ce kaɗai nake ganin laifin ya fi karkata gare shi, don ƙungiyar da ta hau babbar gasa da ƙaramin kasafi tana da haƙƙin neman koci mai cikakken hankali a bakin fili, kuma ta yi kyau a hannun Gary Holt da ya gaje shi. Shi ma dai bai yi ƙarya ba da ya ce da sauran ƙarfinsa, don a Disambar 2018, saura kwanaki ya cika 39, ya ci wa Dundee ƙwallo uku a wasa ɗaya da Hamilton.

Ba 'yan Sikotland kaɗai wannan kasuwa take juyawa ba. Efe Ambrose, haifaffen Kaduna, wanda ya zo Celtic daga Ashdod ta Isra'ila a 2012, ya bi ta Hibernian da Derby da Livingston, wato kulob huɗu daga cikin na Miller, kafin ya gangara St Johnstone da Dunfermline da Morton. Tsani ɗaya ne, duk wanda ya daɗe a ƙasar sai ya taka shi hawa da sauka. Miller ya taka na ƙarshensa bayan Dundee ta faɗo a 2019: ya koma Partick Thistle a rukuni na biyu ƙarƙashin Gary Caldwell, abokin wasansa a Celtic da tawagar ƙasa. Aka sallami Caldwell tun farkon kaka, a Janairun 2020 aka saki Miller. Cikin 'yan makonni ya bayyana ritayarsa ya tafi Ostireliya ya zama mataimakin koci a Newcastle Jets. Wanda ya kira shi can Carl Robinson ne, da suka yi wasa tare a Wolves, ya kuma horar da shi a Vancouver. Da Robinson ya koma Western Sydney Wanderers ya tafi da shi, da Martin Rennie kuma ya karɓi Falkirk a ƙarshen 2021, Miller ya ɗauka mataimaki.